Ranar da Uwar Leda Ta Yi Magana

Shafi na 19

To jama'a, ku sassauta mini haka nan. Tun safe wayata take kuka kamar ni na ɓoye muku Auta a ƙarƙashin gado. Wata har cewa ta yi in ban saki shafin nan ba, ba za ta ɗora tukunya ba. Baiwar Allah, ɗora tukunyarki, kar maigida ya dawo ya kama sunana. Masu tambayar jiki kuma na gode ƙwarai, sauƙi ya samu, Allah ya bar zumunci.

Wanda yau ya shigo cikinmu, ga inda muka kwana. Auta tana aiki da wani kamfanin bincike a gari mai nisa. Sana'arsu su tambayi mutane yadda suke yi da wuta da ruwa da shara da hayaƙi, sai su kasa su rukuni-rukuni, don masu wayar da kai su san irin maganar da za ta shiga kunnen kowa. Aikin ne ya kawo ta garinsu, kuma ba ta gaya wa kowa a gida ba. Watanni ke nan in ta kira Mama, gaisuwa kawai ake yi matar Yayanta ta karɓe wayar. Auta ta gama yanke hukunci: raba ta ake yi da uwarta. Shi ya sa ta ƙudurta tana gama aikin nan za ta dira gidan, ta haɗa kayan Mama, ta tafi da abarta.

Mu je zuwa.

*

Da hantsi Auta ta shiga ɗakin bayan gilashi, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Gilashin nan munafuki ne. Daga ɗakin zama madubi ne, kowa fuskarsa yake gani. Daga bayan kuwa taga ce tangaran, har motsin leɓe ba ya wuce ka.

An riga an gama da sauran. 'Yan Sahun Gaba sun zo da kofunansu daga gida, sun ƙi taɓa na roba. 'Yan Sai Gobe sun zuba daɗin baki, kowa ya rantse zai gyara, suka tafi suka bar fanka tana juyi. 'Yan Tsimi su ma sun zo, waɗanda ke kashe ƙwan wuta don aljihu, ba don duniya ba. Yau saura na ƙarshe, 'Yan Ba Ruwana.

Shugaba, mai jagorantar aikin nasu, ta zauna kusa da ita. Mace ce da ba ta dariya sai ta ga alƙaluma sun daidaita, amma yau har da murmushi.

"Yau ranarki ce. Dangin Uwar Leda."

"Ai na shirya musu," in ji Auta.

Sunan nan ita ta raɗa shi. Ranar da aka fara kasa mutane a ofis, da aka zo kan masu ƙona mai ba tausayi, masu tara shara ba kunya, Auta ta buga tebur ta ce, "Ni ba sai an yi mini bayani ba, muna da guda a gida. Matar yayana, ko allura ta saya sai an sa mata a leda biyu." Aka kwashe da dariya. Tun daga ranar, kowa a ofis in zai ambaci rukunin sai ya ce dangin Uwar Leda.

Dogo, wanda ke jan zaman, ya buɗe ƙofa. Suka fara shigowa.

Wani mai gyaran mota, tumbi a gaba, yana share wuya da hanki.

Wata mai shagon gyaran gashi, tana taunar cingam ƙas-ƙas.

Wasu samari da wani dattijo mai tari.

Sai wata mata a ƙarshe, ta shigo a hankali, ta nemi kujerar gefe ta zauna.

Auta ta kalle ta, ta kawar da kai.

Ta sake kallo.



Anti ce. Matar Yaya.

Sai dai Antin da ta sani mace ce mai jiki, mai kumatu, in tana tafiya awarwaro ne ke yi mata sallama. Wannan kuwa ta zube. Idanu sun faɗa, hannuwa sun bushe sun yi fari-fari kamar na mai wankau.

Dokar aikin a bayyane take. In ka ga wanda ka sani a cikin ɗaki, ka faɗa tun kafin a fara, ko shi ya fita ko kai ka fita.

Auta ta ja bakinta ta tsuke.

Ni dai ba zan kare ta ba, mugunta ce zalla. So take ta ji matar nan ta tona wa kanta asiri da bakinta, ta samu abin dorawa in an je gida.

Dogo ya yi musu maraba, ya nuna madubin.

"Akwai abokan aikinmu a bayan can suna saurare. Kar ku damu da su, ba sa cizo."

Anti ta juyo ta kalli madubin, ta gyara mayafinta. Idonta cikin idon Auta, amma kanta kawai take gani. 

Mai gyaran mota ne ya buɗe fage.

"Malam, mu yi ta ta ƙare. Duniyar nan ta riga ni zuwa, kuma nan zan tafi in bar ta. Yanzu ledata ce za ta kashe ta?"

Aka yi dariya.

"Faɗa masa dai," in ji mai gyaran gashi. "Ku fara gyara mana wuta tukuna, sannan ku zo da wa'azinku. In kashe injin wuta in busar da kan mutane da me? Da mafici?"

Shugaba tana ta gyaɗa kai tana rubutu. Irin maganar da aka zo nema ke nan.

Dogo ya zagaya, har ya iso gefe.

"Baiwar Allah, ba mu ji bakinki ba. Ranar da aka yi miki tambayoyi kin ce injinku ba ya mutuwa, dare da rana."

"Haka ne."

"Wanki safe da yamma."

"Haka ne."

"Shara buhu-buhu, yawanci leda da roba."

"Haka ne."

"Ko nan da bakin titi, sai da mota."

"E."

Auta ta taɓe baki. A ranta ta ce, ai ga shi nan, hali zanen dutse.

"Da aka tambaye ki ko za ki iya ragewa, kika ce a'a."

"Ba zan iya ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Mai gyaran mota ya tafa.

"Yauwa! Ga tamu nan!"

Anti ta juyo ta dube shi.

"A'a, ka yi haƙuri, ni ba taku ba ce."

Ɗakin ya yi tsit. Har cingam ya daina ƙara.

"Ni abin yana damuna," ta ce. "Wallahi yana damuna. Duk safiya in na fito da buhunan nan, kunyar masu kwasar shara nake ji. Maƙwabciyata tana da jariri, hayaƙin injinmu ta tagarta yake shiga. Na je na ba ta haƙuri har na rasa da wace fuska zan koma."

Dogo ya ɗan karkata kai.

"Kin san illarsa ke nan."

"Na sani. Ƙanwar mijina ce ta koya mini. Irin aikinku take yi, mai ilimi ce sosai, Allah ya ƙara mata. Wani zuwa da ta yi ta wanke ni tas a kan leda, a gaban baƙi. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, har na ƙi cin abinci ranar. Amma da na kwanta na yi tunani, gaskiya ta faɗa. Tun daga nan na ɗinka jakar cefane. Kwalba da gwangwani har yau ina wankewa in ware su gefe. Wanda zan iya, ina yi."

A bayan gilashi, Auta ta sauke ƙafarta ƙasa.

Dogo ya kalli takardar da ke hannunsa. Tambaya ta gaba a kan ƙwan wuta ce. Ya kife takardar.

"To me ya hana sauran?"

Anti ta sunkuyar da kai tana murza yatsunta.

"In ba kya son faɗa, ba dole."

"In injin ya mutu, na'urar ta mutu," ta ce. "In na'urar ta mutu, surukata ba ta iya numfashi."

Auta ba ta san lokacin da biro ya suɓuce daga hannunta ba.

Surukata.

Suruka nawa Anti take da ita?

"Shanyewar ɓarin jiki ce ta same ta," Anti ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa. "Daga baya ƙirjin ma ya shiga. Wutar unguwarmu kun san halinta, ba zan ɗora ran tsohuwa a kanta ba. Wankin da kuka ji, zanin gado ne. Sharar kuwa kunzugun manya ne da safar hannu da robar magani. Na gwada na tsumma don in rage, bayanta ya fara salewa, likita ya yi mini faɗa. Mota kuma, ba na iya barin tsohuwar in taka da ƙafa, a guje nake zuwa a guje nake dawowa."

Dattijon nan mai tari ya girgiza kai.

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Ni fa ba don komai na zo ba," in ji Anti. "Wanda ya tare ni a bakin kantin magani ya ce za a yi maganar sola. Shi ne maigidana ya ce yau zai zauna da ita, in zo in tambaya. Don Allah, sola tana iya ɗaukar na'urar numfashi? In tana ɗauka, ni da hayaƙi har abada."

Shugaba ta matso kusa da gilashi, idonta ya kawo wuta.

"Kai! Wa ya jefa wannan cikin 'Yan Ba Ruwana? Masu jinya! Rukuni guda muka tsallake, Auta. Mun tambayi me suke yi, ba mu tambayi dalili ba. Rubuta, maza rubuta..."

Auta ba ta ji ta ba. Kunnenta yana ɗakin can.

"Ke kaɗai kike jinyar?" Dogo ya tambaya. "'Ya'yanta fa?"

"Mijina yana ƙoƙari, shi ke ɗagawa shi ke kwantarwa. 'Yarta kuma tana nesa. Ba ta sani ba."

"Ba ta sani ba?" Mai gyaran gashi ta zaro ido. "Uwarta?"

"Mama ce ta hana. Lokacin bakinta bai gama nauyi ba, ta kama hannuna da na ɗanta ta sa muka yi mata alkawari. Ta ce lokacin ciwon babansu yarinyar nan ta ajiye karatu ta zo ta zauna, da ƙyar ta koma. Ta ce yanzu da ta samu aikin da take so, in ta ji, ajiyewa za ta yi ta taho. Ta ce ba za ta hana 'yarta ci gaba sau biyu ba."

"Ba ta kira?"

"Kullum. Yarinya ce mai son uwarta. Sai in kara wa Mama wayar ta amsa gaisuwa, kafin maganar ta yi tsawo a gane, in karɓe in ce tana jin barci."

"Ai kuwa za ta tsane ki," in ji mai gyaran gashi.

Anti ta yi ɗan murmushi.

"Ta riga ta tsane ni. Akwai saƙon da ta turo mini, na karanta na shiga banɗaki na yi kukana na fito. Amma ban ga laifinta ba. Ni ma in aka yi mini haka da uwata, abin da zan yi ya fi nata."

Auta ta tuna saƙon. Kowace kalma ta tuna. Ita ce ta rubuta, kin shigo gidanmu kin mallake ɗa, yanzu kin dawo kan uwa.

Ta miƙe tsaye. Kujera ta faɗi.

"Ina za ki?" Shugaba ta riƙo hannunta. "Kin san doka. Kina buɗe ƙofar can zaman nan ya tashi a banza, sai mun sake tara wasu."

"Ita ce."

"Wa?"

"Uwar Leda." Muryarta ta karye. "Matar yayana ce. Mamata take faɗa."

Shugaba ta kalle ta, ta kalli matar da ke gefen tebur, ta sake kallonta.

"Tun shigowarta kika gane ta?"

"E."

"Kika yi shiru."

"E."

Auta ta jira faɗa. Ta san ta cancanta.

Shugaba ta saki hannunta a hankali.

"Wannan maganar za mu yi ta, amma ba yau ba. Ni ma na yi jinyar uba. Tafi."

"Na gode. Allah ya..."

"Tafi mana, kin tsaya godiya!"

Tsakanin ƙofar baya da ta ɗakin zama ba nisa. Ta tura ƙofar ba sallama.

Duk suka juyo.

Anti ta miƙe zumbur, jakarta ta faɗi.

"Auta?"

Ta kalli madubin, ta kalli Auta, ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku. Ke ce a bayan? Kin ji? Duk kin ji?"

 Sai kawai Auta ta zube a gabanta, ta rungume ƙafafunta, ta fashe da kuka irin na yara, mai haɗe da shessheƙa.

"Ke, tashi! Tashi mana, mutane na kallo."

"Anti ki yafe mini."

"Tashi na ce."

"Ba zan tashi ba. Anti na gode. Na gode. Ni ina can ina zaginki, ke kina nan kina wanke mini uwa. Da me zan biya ki? Ki faɗa mini, da me?"

"Wa ya ce miki sayarwa nake?" Anti ta sunkuya tana ƙoƙarin ɗago ta, ita ma hawaye na zuba. "Uwarki ce ke kaɗai? Ni da na zo gidanku ba uwa, wa ya riƙe ni? Dube ki, duk kin rame. Ba kya cin abinci a can?"

Ku ji fa. Wadda ta zama kamar sanda ita ke ce wa wani ya rame.

Mai gyaran gashi ta tofar da cingam a takarda tana share ido. Mai gyaran mota ya yi gyaran murya ya fi a ƙirga, sannan ya ce, "Baiwar Allah, ni ban san komai a kan sola ba, amma ƙanena sana'arsa ke nan. Gobe zan kawo shi da kaina ya duba na'urar. Ba don duniya ba fa, kar malam ya rubuta na tuba. Don tsohuwa."

"Allah ya saka da alheri," in ji Anti. "Allah ya jiƙan mahaifa."

Dogo ya buɗe musu ƙofa da kansa.

A mota Anti ce ke tuƙi. Auta tana gefe, ta ƙi sakin gefen mayafinta.

"Sakar mini mana, sai mun faɗa kwata?"

"Tun yaushe?"

"Bayan tafiyarki ba da daɗewa ba. Tana shanya a tsakar gida ta faɗi."

"Kuma kuka iya? Ke da Yaya kuka iya ɓoye mini?"

"Alkawari muka ɗauka, Auta. Yayanki sau nawa yana ɗaukar waya zai kira ki, sai ya ajiye. Yanzu ma ban san da wane ido zan kalle shi ba, na je na barbaɗa a gaban mutane."

"Allah ne ya matse bakinki."

"Ko kuma Uwar Leda ce ba ta iya riƙe magana ba."

Auta ta daskare.

"Wa... wa ya gaya miki?"

"Ke da kanki. Kin manta ranar da za ki tura wa ƙawarki saƙo kika turo zauren 'yan gida na waya? Kin goge, amma na riga na gani."

Auta ta rufe fuska da tafin hannu. Da ƙasa za ta tsage da ta shige.

"Yayanki ma ya samu abin tsokana. In yana son shayi sai ya ce, Uwar Leda a taimaka." Anti ta yi dariya, dariyar da Auta ta daɗe ba ta ji ba. "Ni har na saba, in bai faɗa ba sai in ga kamar fushi yake."

"Wallahi daga yau..."

"Bar shi kawai, ya riga ya bi ni."

 Auta tana kallon hannuwan da ke riƙe da sitiyari, duk sun tsattsage saboda ruwa da sabulu. Ta ji son matar nan ya cika mata ƙirji, ga kunya, ga godiyar da ta rasa inda za ta ajiye. Ta zo da niyyar ƙwace uwarta daga hannun nan, ashe hannun ne ya riƙe mata ita.

"Na dawo ke nan, Anti. Daga yau ki kwanta ki yi barci. Ni zan karɓa."

Anti ta zuba wa titi ido.

"Kin ji? Komai ki nuna mini, zan iya."

"Auta."

"Na'am."

"Akwai abin da ban faɗa a ɗakin can ba."

"Mene ne?"

 Anti ta karya kan mota zuwa layinsu.

"Bari dai mu isa."

Tun daga bakin layi ake jin ƙugin injin. An yi masa 'yar rumfa a gefen katanga, an ja masa dogon bututu sama don hayaƙin ya kauce wa tagar maƙwabta. Auta ba ta jira mota ta gama tsayawa ba.

Yaya ne a bakin ƙofar falo, da bokiti a hannu. Furfura ta fito masa a gemu. Yana ganinta ya ajiye bokitin.

"Auta? Daga ina?"

Ya kalli matarsa da ke shigowa a baya.

"Kin gaya mata?"

"Rabi," in ji Anti. "Ɗayan ban samu baki ba."

"Yaya matsa mini."

"Tsaya tukuna." Ya tare hanya. "Ki saurare ni. Duk abin da ta faɗa, kar ki musa mata. Kin ji? Rannan mun gwada gyara mata wata magana, ta rikice, numfashin ya sarƙe, da ƙyar aka samo kanta. Likita ya ce kar a sake."

"Wace magana?"

"Auta..."

Ta bi ta ƙarƙashin hannunsa ta shige.

Ɗakin Mama ƙal yake, ba wari ko kaɗan, sai ƙamshin sabulu da man shafawa. An matso da gadon kusa da taga. Na'urar tana gefe tana huci a hankali, siririyar roba ta taso daga jikinta zuwa hancin Mama.

Mama ta ƙanƙance. An yi mata kitso sabo, an sa mata kwalli.

Auta ta durƙusa a bakin gadon.

"Mama."

Idanun suka buɗe. Suka tsaya a kan fuskarta, suka daɗe.

Sai fuskar Mama ta washe. Ɓarin bakinta mai motsi ya yi murmushi, ta ɗago hannunta mai lafiya.

Auta ta miƙa nata da sauri.

Hannun ya wuce ta.

Ya wuce ta gefen kafaɗarta, ya nufi bakin ƙofa, inda Anti take tsaye.

"Auta," in ji Mama, harshen da nauyi. "Kin daɗe."

Anti ta sunkuyar da kai. Ta tako a hankali ta kama hannun.

"Na dawo, Mama."

"Kin ci abinci?"

"Na ci."

Mama ta ja hannun ta ɗora a ƙirjinta, sannan ta juyo ga wadda ke durƙushe.

"Baiwar Allah, sannu da zuwa. Kin ga 'yata? Autata ke nan. Na ce kar a gaya mata, ta ji a jikinta ta taho. Ita ke mini wanka, ita ke juya ni. Ko tsaki ban taɓa ji ta yi ba." Ta tsaya ta ja numfashi. "Kullum sai na sa mata albarka. Allah ya ba ki mai yi miki kamar yadda take mini."

"Amin," Auta ta ce, ko ita ba ta ji muryarta ba.

Ta ɗago ta kalli Anti. Anti tana kuka ba sauti, leɓenta na motsi: ki yi haƙuri.

Haƙurin me? Watanni matar nan tana wanki da ɗauka da rashin barci, albarkar kuma da sunan wata ake sa ta, ita ce mai cewa amin.

Yaya yana bakin ƙofa, ya girgiza wa Auta kai a hankali.

Mama ta ƙura mata ido. Goshinta ya tattare. Ta matse hannun Anti, numfashinta ya fara sauri.

"Auta."

Su biyu suka ɗago.

"Wace ce wannan baƙuwar da take mana kuka a ɗaki?"